Wata Biyun da Na Rage

Ciki na uku ne ya kai ni birni. Biyun farko na ɗauke su wata tara cur a Kebbe, na durƙusa kwana biyu a na fari, kwana uku a na biyu, kuma duk biyun ba su zo da rai ba. Maza ne, manya. Ungozomar unguwarmu ta ce kai ne ke maƙalewa a ƙofa. Innata ba ta yarda ba. A wurinta bakin mutane ne, don tun ciki yana ƙarami kowa a gari ya san lissafinsa, mata na tare ni bakin rijiya suna cewa saura wata kaza mu sha kunu.

Da alamar na uku ta bayyana, lokacin ana girbin dawa, Inna ta ja ni ɗaki ta saki asabari.

"Wanga karon ko mijinki bai sanin lissafi," in ji ta. "Wanda duk yat tambaye ki, rage wata biyu. Su tashi da mugun bakinsu su iske kin riga kin sauka."

Ta ba ni baƙin zare ta ce duk ranar da wata ya tsaya in yi ƙulli ɗaya. Na ɗaura shi a ƙugu tare da jigida, inda ba idon da ke kaiwa. Ban ga laifin dabarar ba. Wadda ta binne biyu ba ta tsayawa zaɓen magani.

Shekarun nan ne Turawa suka miƙa mulki, ana ta maganar Jihar Arewa a rediyo, hukumar En'e kuma ta fara awon ciki a disfensar Tambuwal. Mijina fataucin gero da gyaɗa yake yi tsakanin kasuwanni, a can ya jiyo labari. Shi ya haƙa ƙananan kaburburan nan biyu da hannunsa, saboda haka da ya ce mu tafi ban musa ba. Wata mace mai farin kaya ta tattaɓa ni ta tambayi wata nawa. Na ce huɗu, alhali zarena yana da ƙulli shida. Ta rubuta a kati. A lokacin ban san ko harafi ɗaya na boko ba, sai bayan na ga jikoki sannan na shiga ajin manya. Ina kallon katin nan kamar layar da baƙo ya ba ka, ba ka san abin da ya ɗinke a ciki ba. Da ta ji labarin biyun da suka wuce sai ta ce kada in yarda in sake durƙusawa a gida, mu tafi babban asibiti a birni likita ya gan ni.

Ba mu tafi ba sai da aka yi shuka, aka yi noman fari. Mijina yana ganin akwai lokaci, tunda shi lissafin kati yake bi. Ranar da muka hau motar kasuwa daga Tambuwal, ni da shi da Inna, ƙulli na tara ya kwana biyar a zarena. Kati yana cewa bakwai.

Likitan Bature ne, dogo, mai jan wuya. Wadda ke fassara masa wata sista ce mai farin kaya, 'yar kudancin Zazzau, Hausarta irin ta rediyo. Tun daga nan na fara zargi, don shi zai yi magana mai tsawo kamar huɗuba, ita kuma ta juyo ta ba ni kalma uku. Ya auna cikina da tafin hannu, ya ɗora wani ɗan ƙaho ya kara kunne, ya dubi kati, ya sake auna ni. Sai ya tambaya ko na tabbata da watannin. Inna tana tsaye ta wajen ƙafata. Ta mintsine ni a ɗan yatsa.

"Bakwai," na ce.

Sai ya yi doguwar maganarsa. Sista ta ce: zuciya ɗaya ya ji, ba tagwaye ba ne, amma ɗan ya cika girma, wata bakwai kamar na tara. In ya kai lokacinsa a haka ba zai fita ba. Hanya biyu ce. Ko a ɗaura mini ruwa a jijiya ya ta da naƙuda kafin ɗan ya gama girma, ko a sa rana a yi mini aiki a ciro shi. Shi likita ya fi karkata ga aikin. Ko wanne muka zaɓa, yanzu ya yi wuri, ɗan bai ƙosa ba. Mu koma gida mu yi shawara, mu dawo bayan sati shida.

Muka fito muka zauna gindin wata bedi, wato dogonyaro, muna jiran motar komawa. Mijina fuskarsa ta saki. Sati shida ya ishe shi ya gama noman maimai, ya kuma zauna da yayyensa a yi shawara, don a gidansu ba a yanke magana irin wannan sai manya sun sa baki. Ya ce shi dai ruwan ya fi kwanta masa, ba a sa wa matarsa wuƙa. Wasu mata da ke jinya suna zaune kusa da mu, suka tsoma baki ba a gayyace su ba. Ɗaya ta ce duk wadda aka farka ta gama haihuwa, a ciki suke ɗaure mahaifa ba su gaya maka ba. Ɗaya ta ce ruwan nan wuta ne, ƙanwarta ta sha shi yini guda, ƙarshe kuma aka farka ta ɗin. Na dube su duka biyun na ga ba wadda ta yi kama da mai son alherina.

Inna ta matso ta yi ƙasa da murya. "Kin gani? Allah ya rufe musu ido. Ko Baturen bai gane ba."

Ni kuwa tun kwana biyu cikin ya sauka ƙasa, ina jin nauyinsa a mara, numfashi ya sake mini. Na san wannan alama, sau biyu na gan ta. Kwanaki ne suka rage, ba sati shida ba. Na tuna hanyar Kebbe in damina ta zauna, inda mota ke kafewa a fadama sai an kwana ana tura ta. Na ga kaina durƙushe a ɗakin nan dai, ungozomar nan dai, tana shafa mini baya tana cewa in yi haƙuri.

"Inna, in ba su gane ba, wa za shi fid da shi?"

"Allah."

"Biyun can ma Allah munka bar ma."

"Ki iya bakinki. Nan ma mutane na. Waccan mai farin kaya kin san uwatta? Kin san abin da takan yi da lissafin mutane?"

Ban sani ba. Gaskiyar Inna ce, ban san kowa a gidan nan ba, kuma ba wanda na yarda da shi. Amma abu ɗaya na sani tabbas, ranar da suka sa mini ranar ƙarya ce, kuma ni na ba su ƙaryar. Motar ta iso, an fara ɗora buhuna, mijina ya ɗauki ƙunshinmu. Na tashi na juya na nufi ɗakin likita. Ina jin Inna tana kirana, ban waiwaya ba.

Akwai wata mace a kan gadon awo. Ban jira ba. Na juya wa likita baya, na sa hannu ƙarƙashin zane na tsinke zaren, na ajiye shi kan teburinsa bisa takardu.

"Ƙirga," na ce wa sista. "Ko wane ƙulli wata guda na."

Ta ƙirga da farce, ta sake ƙirgawa. Ta ɗago.

"Tara? Ke baiwar Allah, da ranki kike wasa?"

"Tun ciki na fari nika wasa da raina, ke kina ina? Hwaɗa mai."

Ta faɗa masa. Jan wuyansa ya hau har kunne. Ya ɗaga zaren yana kallo, ya yi tambaya, ta ba shi amsa, ya ajiye shi a hankali. Mijina ya shigo da ƙunshi a hannu, Inna a bayansa. Ya ji ƙarshen maganar.

"Har ni?" ya ce.

"Har kai."

Ya ajiye ƙunshin ya jingina da bango. Wannan shirun nasa ya fi mini zagi ciwo, amma ba lokacinsa ba ne.

Likita ya sake auna ni, ya sake doguwar magana. Sista ta ce ba zan koma gida ba, za a ba ni gado, kuma har yanzu hanya biyu ce, in zaɓa.

"Abin da yac ce ya fi haka tsawo," na ce mata. "Kada ki rage mani. Ni na rage wata biyu, kin ga inda yak kai mu."

Ta harare ni, amma ta ja kujera ta zauna. Ta ce yanzu da aka san gaskiya, ɗan ba ƙato ba ne, daidai yake da watanninsa. Don haka ruwan ya zama abin gwadawa: gobe a ɗaura mini, naƙuda ta tashi a gabansu, suna sauraron zuciyar ɗan. In ya fito, shi ke nan, ba ɗinki, in koma gida da ƙafata cikin kwanaki kaɗan. In ya maƙale, sai a garzaya da ni a yi aikin cikin gaggawa, kuma aikin gaggawa ya fi haɗari gare ni da shi. Ɗaya hanyar kuwa jibi da safe a sa ni barci a ciro shi, ba naƙuda. Amma wuƙa wuƙa ce, akwai jini, akwai ciwon da kan ruɓe, ba wankan jego da tafasasshen ruwa, kuma duk cikin da na sake ɗauka nan zan zo in haife shi.

"Ba wankan jego?" in ji Inna. "Sanyi shi kashe ta ke nan."

Ban kula ta ba. Na tambayi sista, "Ruwan nan, mi yakan yi? Yana buɗe ƙashi?"

"A'a. Naƙuda kawai yake kirawa."

"To ni naƙuda ba ta taɓa ƙin zo mani ba. Kwana ukku tana zaune gare ni ba a kira ta ba. Fita ce ba a yi. A yi aikin."

Ta kawo takarda da tawada, ta ce miji ne zai dangwala hannu. Mijina ya dubi takardar ya ce shi ba zai iya ba sai ya koma ya ji ta bakin yayyensa.

"Yayyenka su za su durƙusa?" na ce. "Kahin ka kai Kebbe ka komo, an gama. Ka haƙa biyu. In kana da ƙarfin na ukku, tafi shawara."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan gaban mutane ba. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya miƙa babban yatsa. Na riƙe hannunsa. Maganar matar nan ta gindin bedi tana raina. Na ce sai an karanta mini abin da ke cikin takardar. Sista ta karanta ta fassara. Na karɓi takardar na fita da ita wurin malamin da ke ba da kati a bakin ƙofa, wanda bai ji abin da muka yi ba, na ce shi ma ya karanta. Abin da ta faɗa shi ya faɗa, ba maganar ɗaure mahaifa. Na yi tunanin ko bakinsu ɗaya ne tun asali, amma ba ni da mutum na uku. Na koma na saki hannun mijina ya dangwala.

Jibin da hantsi suka tura ni. Abin da na iya tunawa shi ne wani abu mai wari da aka kifa mini a hanci, da fitila mai haske bisa kaina. Na farka da azahar, cikina kamar an ɗora dutsen niƙa, bakina a bushe. Sista ta zo da ƙunshin farin zane ta ce mace ce, lafiya lau.

Ban miƙa hannu ba. Ban ga fitarta ba, ina barci. Gidan cike yake da jarirai, duk a farin zane iri ɗaya. Wa ya san abin da ya faru da nawa?

Inna ce ta yi magana, karo na farko tun ranar zaren. "Ina tsaye bakin ƙofa tun da anka shiga da ke. Sun kore ni sau biyu ban gusa ba. Ba a shiga da ɗiyan kowa ba, wagga ɗai anka fito da ita."

Duk da haka na ce a kwance zanen. Na duba kunne, na duba hannu, na sauka ƙafa. Yatsa na biyu ya hau kan babban, ƙafa duka biyu, irin na mijina da na uwarsa, wanda ake tsokanar gidansu da shi a Kebbe.

"Yanzu kin yarda?" in ji sista.

"Na yarda da wagga," na ce. "Ɗaga ni in ba ta nono."