Motar da Ba Ta Tashi Sai da Turi

Motar maigidana tsohuwar akori-kura ce, irin wadda a nan muke kira bashe. Da ita yake kwasar hatsi da awaki daga ƙauyenmu na bayan Kona zuwa kasuwar Tasawa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ta tashi da makulli ba. Kullum a kan ɗan tudun da ke ƙofar gida yake aje ta, ya sa dutse a ƙarƙashin taya. Da safe ya zare dutsen, ta gangara, ta yi tari, ta kama. In ta mutu a kasuwa, ya ɗaga hannu kawai, majiya ƙarfi su taru su tura. Ba shi kaɗai ba ne, kusan duk motocin hanyarmu haka suke, kuma ba wanda ke ganin abin aibu ne.

Ni ma da ban damu ba. Amma cikina na fari a kan amalanken shanu ya ƙare, tsakanin ƙauyenmu da Tasawa, ranar da motar ke wata kasuwa. Namiji ne, bai zo da rai ba. Da na sake samun ciki, ungozomar asibiti ta gaya mani ƙiri-ƙiri cewa kada in yarda naƙuda ta yi nisa ina gida. Lissafi kuma ya nuna tsakiyar damina zan haihu. Tun daga nan na fara kallon motar nan da wani ido.

A bazarar shekarar ne kawuna, wan mahaifiyata, ya dawo daga tafkin Chadi. Ya tafi tun ina goye, ya yi rayuwarsa yana tuƙa jirgin ruwa mai inji, yana dakon kifi da mutane, har zaman can ya gagara. Ya dawo da buhun tufafi ɗaya da ƴar jakar ƙarafuna. Mu mutanen rairayi ne, ruwan da muka sani na rijiya ne da tabkin damina, don haka aka yi ta tsokanarsa. Wai a tanadar masa kwarya ya riƙa tuƙawa a tabki. Shi dai sai ya yi murmushi.

Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, ya tarar ana gangara motar. Ya tsaya ya bi ta da kallo har ta ɓace. Da ya zauna na kawo masa fura, bai ko taɓa ba ya tambaye ni ko da wannan za a kai ni haihuwa. Na ce da ita. Ya ce:

"Ɗiyata, inda na hito ba a turi. In inji ya mutu maka tsakar ruwa, wa za ka kira? Ko ya tashi da kanshi, ko ka kwana nan."

To ga inda gizo ke saƙar: Kawu suruki ne ga maigidana. Ba ya iya tsare shi ya ce masa motarsa ba ta da lafiya, shi kuma maigidan ko ido ba ya haɗawa da shi, in ya hango shi ma sai ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa. Sai na zama ƴar aike da tulun cikina. Kawu ya faɗa mani a tsakar gida, in kai wa maigida a ɗaki, in dawo da amsa. Amsar farko ita ce motar lafiyarta lau, batir ne kawai ya tsufa, kuma duk batir haka yake. Ban kai wa Kawu wannan ba. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya wa maigida cewa ni ba zan sake binne ɗa don ana jin kunyar juna ba. Washegari ya bar makulli a kan turmi, ya ce yana da aiki a gona.

Haka muka buɗe gaban motar, ni da tsoho. Abin da na fara gani shi ne wani farin gari mai ɗan kore da ya toho a kawunan batir kamar hunhunar tuwon da ya kwana biyu. Kawu ya sa na dafa ruwa na jiƙa kanwa, ya kwance wayoyin, ya zuba, abin ya yi ta kumfa. Ya kankare da ƴar wuƙa har ƙarfen ya yi haske, ya ɗaure tam, ya shafa man giris. Daga nan ya kama babban yatsana ya danna a kan igiyar robar da ke juya dinamo, wato abin da ke mayar wa batir wuta in inji na tafiya. Ta lotsa kamar igiyar shanya. Ya ce ga ɓarawon nan: inji na gudu, dinamo na barci, batir na ba da wuta ba a mayar masa. Ya sassauta ƙusa, ya sa muciyata ya banƙare dinamon har igiyar ta miƙe, ya ɗaure. Muciyar ba ta sake shiga tukunya ba, kuma sai da na yi masa mita a kanta.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ruwan da ke cikin batir. Ya tambayi me ake ƙara masa in ya ƙafe, na ce ruwan randa mana, wanda muke sha. Ya riƙe baki. Ruwan rijiyarmu yana da kanwa-kanwa, shi ya kashe batirin a hankali. Wannan kam ba gyara, sai da maigida ya sayo wani a Tasawa, yana ƙunƙuni ta bakina. Kawu ya ɗora mani aiki: in an yi ruwa, ban da na farko mai ƙura, in kai robar wanka mai tsabta tsakiyar fili, nesa da indararo da kwanon rufi, in tara, in tace da farin ƙyalle, in zuba a kwalba. Shi kaɗai batir zai sha. Maƙwabta suka ce na samu ɗan fari kafin haihuwa, har ruwa na musamman nake tara masa.

Da yamma Kawu ya sa aka juya motar ta fuskanci katanga, aka kunna fitilu. Ya aika ni in ce wa maigida ya taka totur. Hasken da ke jikin katangar ya ƙaru. Kawu ya ce to yanzu dinamo ya farka. Duk da haka maigidana bai daina aje ta a kan tudu ba, da dutsensa.

Naƙuda ta zo da hantsi, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Aka shimfiɗa mani katifa a bayan motar, innata na riƙe da ni. Kawu ya zo da jakarsa ya shiga gaba ba tare da an gayyace shi ba, karon farko da suka zauna kujera ɗaya da surukinsa. Akwai wani kwari kafin a hau kwalta wanda da rani rairayi ne zalla. Ran nan ya cika. Babu wata hanya, maigida ya yi bismilla ya shiga. Muna tsakiya ruwa ya fantsama cikin inji, motar ta yi shiru.

Ba zan manta shirun nan ba. Ba kowa a wurin sai wani makiyayi can nesa. Tayoyi sun nutse a laka, ko mutanen kasuwa duka aka tara ba mai tura ta. Ciwo ya taso mani, na kama hannun inna, kuma wallahi abin da na gani a idona shi ne amalanken nan. Na ji maigidana ya diro cikin ruwa ya sa kafaɗa a jikin motar shi kaɗai, yana nishi kamar zai yi kuka.

Kawu ya naɗe wando ya buɗe gaba. Ya cire murfin da wayoyin wuta ke fitowa, ya goge cikinsa da hularsa, ya bi wayoyin ɗaya-ɗaya ya tsane. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya dubi surukinsa ido da ido.

"Bari turin ga, ɗana. Shiga ka murɗa makulli."

Ya murɗa, inji ya juya bai kama ba. Ya sake, haka. Da tsohon batir ne da tun a nan ya ƙare. Wannan kuwa ya ci gaba da juya injin da ƙarfinsa, har ya yi tari, ya furzar da ruwa ta baya, ya kama. Inna ta fashe da salati.

Mace na haifa, bayan azahar, da taimakon ungozoma da ƙarin ruwa. Ta zo da cibiya a wuya, kuma an gaya mani da a hanya na haife ta da ba ta rayu ba. Da maigida ya fita ya kai wa Kawu labari, ya same shi zaune a inuwar motar yana shanya hula a kan gwiwa. Kawu ya yi hamdala, ya ce a gaishe ni, kuma a duba ruwan batir in an koma gida.

Kawu ya rasu yarinyar na koyon tafiya. Ban taɓa ganin jirginsa ba, ban san ko kalar tafkin ba, amma ba na idar da salla ban sa shi a addu'a ba. Na gode wa Allah da ya kai shi can ya koyo tsoron ruwa, ya dawo mana da shi kan lokaci.

Ranar da muka dawo daga asibiti, ina gaba da jaririya a cinya, maigida ya nufi tudunsa kamar kullum. Har ya hau, sai ya tsaya, ya ja da baya, ya aje motar a shimfiɗaɗɗen wuri ƙarƙashin bishiyar bedi, ya kashe ta. Dutsen na ɗauke shi daga baya, a kansa nake zama in na yi wa yarinyar wanka.