Rayuwar Bunu Gana da Kamfanin Kifin Tafkin Shiru

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Bunu Gana a shekarar 1899 a wani ƙauyen masunta kusa da Baturiya, cikin ƙasar Haɗeja. Mahaifinsa Malam Gana masunci ne da kakanninsa suka zo daga bakin Tafkin Chadi, mahaifiyarsa kuwa Hajja Mairam. Mutane ne masu wadatar kifi, amma ba su da tudun da zai tsare su idan kogi ya kawo.

A shekarar 1910 mahaifinsa ya rasu, kuma a daminar da ta biyo kogi ya sake hanya, ya shafe maƙabartar ƙauyen gaba ɗaya, har da kabarin Malam Gana. Ruwan bai janye ba. Aka sa wa wurin suna Tafkin Shiru, dattawa suka yanke cewa ba mai jefa koma a kan iyayensa. Kifi ya hayayyafa a ciki har ruwan ya yi duhu.

Karatu, Aiki da Aure

Bunu ya sauke Alƙur'ani a Haɗeja, sannan ya koyi boko da lissafi wajen wani akawu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Birniwa, ya zama dillalin bandar kifi tsakanin masunta da fataken Kano, inda ya samu shaidar ladabi da iya magana. Ya auri Talatu 'yar Malam Tukur a shekarar 1932.

Kafa Kamfani

A shekarar 1938 ya shelanta kafa Kamfanin Kifin Tafkin Shiru, ya riƙa sayar wa fataken Kano hannun jari, yana mai cewa an yi wa kamfanin rajista a Ikko. Yakan ɗauko su cikin kwalekwale da rana tsaka, ya watsa dusa, su ga ruwa yana tafasa da tarwaɗa irin wadda ba su taɓa gani ba. Bai gaya musu abin da ke ƙasa ba. Wani daga cikinsu ya taɓa tambayar dalilin da babu masunci ko ɗaya a wurin.

"Alhaji, ai mutanenmu raggaye ne," in ji Bunu. "Jarinku kawai ake jira."

Shari'a

Da lokacin kamun kifi ya yi, babu wanda ya yarda ya shiga ruwan, ko da an ninka lada. Fatake suka kai ƙara gaban Di'o, bincike ya tabbatar da cewa kamfanin ba shi da rajista, ba shi da izinin sayar wa jama'a hannun jari, kuma tafkin ba mallakarsa ba ne. A shekarar 1940 Joji ya ɗaure shi shekara huɗu, aka yi gwanjon gidansa aka rage wa mutane asara.

Ƙarshen Rayuwa

Ya fito a shekarar 1944 ya koma ƙauye, inda jama'a suka karɓe shi da haƙuri, ko da yake ba su ƙara ba shi amana ba. Ya daina cin kifi. Duk damina, idan ruwa ya fara matsowa bayan gida, sai ya shige ɗaka ya rufe ƙyaure, ya kira autarsa Larai.

"Uwata, ga su nan sun zo karɓar rabonsu. Ki ce ba na nan."

Yarinyar takan leƙa zaure da hantsi, ba ta ganin kowa sai danshi a ƙasa.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a watan Agusta na shekarar 1953, bayan ya yi wasiyya cewa a kai shi nesa da ruwa. An ɗauki gawarsa a kwalekwale zuwa wani tudu a hanyar Birniwa, aka yi masa sutura a can. Allah Ya gafarta masa. Ya bar matarsa Talatu da 'ya'ya uku: Bakari, Kawu da Larai.

Larai tana da shekara takwas a lokacin. Ta fahimci cewa ba fataken Kano mahaifinta yake ɓuya wa ba, mahaifinsa yake ɓuya wa.