Ubaidullahi, Wanda Ya Kashe Fito a Kunnen Kausar

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, bayan sallar Azahar, liman ya miƙo mini makirfo ya ce in sanar da unguwarmu a Bodinga cewa Allah ya karɓi ran Ubaidullahi Altine mai gyaran lasifika, bayan jinyar kwana tara. Ni kuwa, don a ji ni har bakin kasuwa, sai na ɓare salatif ɗin da kai, Ubaidullahi, da hannunka ka manna a kan maɓallin ƙara murya, na murɗa shi har ƙarshe. Lasifikar ta kwarara ihu irin mai shiga haƙori. Tsofaffi suka toshe kunnuwa. Na waiwaya in kira ka ka gyara, kamar yadda na saba shekara goma sha ɗaya. Sai a lokacin ne labarin da nake ƙoƙarin faɗa wa mutane ya iso gare ni.

Na Allah muke, wurinsa za mu. Ka riga mu kana da shekara arba'in da ɗaya.

Ni ne Bawa manomin albasa. A aji huɗu na firamare na tsaya, kuma malamai ba su yi kukan rabuwa da ni ba, don haka masu ilimi su yi haƙuri da rubutuna.

Ka zo mana daga Dandin Mahe da akwatin kayan aiki ɗaya. Daga nan har Shagari, da wuya a sami masallacin da ba ka hau rufinsa ba. Ladan zai jiƙa waya da ruwan alwala ya rantse bai taɓa komai ba, kai kuma ka gyara ba tare da ka kunyata shi ba. Wurin walimar sauka kana can baya, hannunka a kan inji, ana yi wa kowa godiya ban da kai. Ka taɓa ce mini idan aikinka ya yi kyau, ba wanda ke sanin ka zo.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗiyata Kausar. Zazzaɓi ya taɓa mata ji tana shekara shida, aka sa mata na'urar ji a Sakkwato. Da ta kai sha biyu sai abin ya fara fito, musamman idan ta ja hijabi kan kunne ko ta yi sujada. Kakarta ta ce fito kiran aljanu ne, a cire. Ni kuma, da bakin nan nawa da ba ya ganin wargi ya wuce, wata rana ta shigo gaida baƙi abin ya yi ƙara, na ce ga Rafali ta iso da usur ɗinta, a tashi wasa. Aka yi dariya, na ji daɗi. Sunan ya riga ta isa Islamiyya. Kafin mako biyu ta cire na'urar ta jefa cikin gwangwanin madara, ta daina zuwa makaranta. Wata huɗu tana zaune kusa da uwarta Zulai, ba ta ji, ba ta magana.

Kai ka lura ba ka ganinta cikin masu wucewa ta gaban shagonka, ka zo har zaure ka tambaya. Ka bayyana mana cewa ba aljani ba ne: muryar da na'urar ta zuba cikin kunne ce ke tsiyayowa waje, ta koma cikinta, ta ƙaru, ta sake komowa, har ta zama fito. Kunnen yarinya ya girma, robar da ke toshe shi ta yi masa kaɗan, hijabi kuma yana maido da sautin. Na ce to ka buɗe ka gyara. Ka ƙi, ka ce kunne ba rediyo ba ne. Ka rufe shago, ka raka mu wurin likitan kunne a Sakkwato. Aka auna mata sabuwar roba, aka kunna wani abu a cikin na'urar da ka ce in ɗauke shi kamar rariya mai koyo, tun da sunansa na Turanci ya ƙi zama a harshena. Shi ke gane muryar da ta komo ya tace ta, in hijabi ya motsa ya ɗan yi tsuwa ya sake koyo.

A mota muna dawowa, ka matso ka rage murya.

"Baba Bawa, ka gafarce ni. Wanga ɗan abu ya koyi gane muryatai, shi rage ta, don shi ji ta mutane. Kai fa, yaushe?"

Na yi dariya. Ka ce gyaranka rabi ne, sauran rabin nawa ne: in nemi gafarar Kausar da bakina, yanzu da take ji. Na yi maka alkawari. Na ce bayan an cire albasa. Sannan na ce bayan Sallah. Kausar ta koma makaranta, yanzu tana izu talatin da biyu, tana hira da kowa. Ni dai gaisuwa ce tsakaninmu, kuma rabon da ta yi dariya a gabana shekara biyu ke nan.

Da na je duba ka a asibiti, numfashi na yi maka wuya, abin da ka tambaye ni shi ne, "Ka yi?" Na ce ka warke tukuna ka zama shaida. Ka rufe ido ba ka yi murmushi ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Ubaidullahi, ka yalwata masa kabari, ka sa kowane kiran salla da ya isa kunnen mutane ta hannunsa ya zama haske gare shi. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa Inna Atika, da mai ɗakinsa Safinatu, da 'ya'yansa uku, da mutanen Dandin Mahe. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Saura bashinka da ke kaina, Ubaidullahi. Kausar tana ɗaki, tun ranar Laraba kuka take yi. Ban san yadda uba ke fara irin wannan magana ba tare da wargi ba, kuma wanda zan tambaya ba ya nan. Zan ajiye biro in yi sallama a ƙofarta. Idan ta amsa, zan kira ta da sunanta.