Ranar da Muka Share wa Ƙwari Gida

Duk abin da zan manta a aikin gandun daji, ban da ranar da muka tarbi baƙuwa daga jami'a. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wajen Matankari. Aikinmu hana sare itace da tayar da gobara a daji.

Ƙarshen damina ne shefu, wato shugaban buro ɗinmu, ofishin gandun daji, ya kira ni. Ya ce wata malama za ta zo nazarin ire-iren ƙwarin da ke wani kurmi a bayan wani ƙauye. "Je ka shirya mata wurin. In ta kawo ƙara, zan tura ka inda ko rediyo ba ya kamawa."

Na je na gaya wa maigari. Ya dubi kurmin ya kama baki. "Wanga ƙazanta za mu gwada ma baƙuwa? A ce mu ba mu san mutunci ba?"

Ni da ya kamata in hana, ni na fara ɗaukar adda. Muka sare sabara da geza da kalgo, muka ƙone ciyawa. Mata suka share, suka yayyafa ruwa, aka kafa rumfa da kujeru.

Da safe Madam ta sauko daga mota da ragar kamun ƙwari. Ta duba gabas, ta duba yamma, ta juya wurin maigari.

"Baba, ina kurmin?"

"Kina tsaye a tsakiyarsa, Madam."

Ta zauna a kan kujera ba tare da an ce ta zauna ba. Maigari ya raɗa mini, "Hala ƙwarin taka biɗa? Wanga ai mai sauƙi ne." Ya aika aka karɓo buhun fara mai rai wurin matan da ke soyawa, muka zazzage a gabanta. Kafin ta ɗaga raga, kajin ƙauyen sun iso. Maigari yana bin su da sanda yana ihu, "Ku bari, na gwamnati ne!"

Madam ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce ko da kaji sun bar su, iri ɗaya ne. Ita tana neman mazari da zanzaro da buzuzu da malam-buɗe-littafi, kuma kowanne da tsiron da yake ci ko yake kwana a ciki. In tsiron ya tafi, shi ma ya tafi.

Ba ta kai ƙara ba, amma shefu ya ji. Bai tura ni nesa ba. Ya ɗora mini gadin filin har ya sake tsirowa, mutanen ƙauye suka sa mini suna Dogarin Buzuzu.

Ku yara masu shiga aikin nan, abin da na koya ke nan: mu mutane ne masu son a ga tsafta, daji kuwa ba tsakar gida ba ne. Sabara ta dawo da wuri. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai shuɗin fiffike da nake gani a kurmin nan a da. Na yi gadi har na yi ritaya, bai zo ba.