Matar da ta shayar da ɗana, na hana ta ruwan rijiya

Ina matashiya a lokacin, matar wani mahauci a unguwar Pumpumre ta Garwa, zamanin shugaban ƙasarmu na farko. Shekarar fari ce, shanu suna ta mutuwa a daji, maigidana sai ya wuni a mayanka ya dawo hannu wofi. A cikin wannan hali na haifi ɗana na fari, zazzaɓi ya kwantar da ni, nonona ya ƙafe.

Zana ce kawai ta raba mu da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mutumin kudu, Kirista, da matarsa da muke kira Madam. Ita ma tana da goyo. Ba ta jin Hausa, ni kuma ba na jin Faransanci, da guntun Fulatanci muke gaisawa. Da kukan ɗana ya yi yawa, sai ta shigo, ta ɗauke shi ta sa masa nono. Haka ta yi ta shayar da su biyu har na miƙe, tana kawo mini kunun gyaɗa. Surukata ta yi ƙorafi, amma da ta ga jikanta yana murmurewa, ta daina.

Bayan damina wasu masu kaki suka zo da mota suka tafi da malamin. Aka ce siyasa ce. A kwanakin nan ko sunan wanda aka kama ba a ambata a kasuwa. Unguwa ta janye jiki. Maigidana ya ce in yi hankali, amma bai hana ni gaishe da Madam ba. Ni da kaina na toshe ɓular zanar da muke miƙa wa juna gishiri.

Wata safiya Madam ta zo ƙofarmu da bokiti, 'yarta a baya, tana neman ruwa, don matan famfo sun daina ba ta wuri a layi. Rijiyarmu da ruwa. Na ce mata ta ƙafe. Ta dubi guga yana ɗiga a gefena. Ta tambayi lafiyar yaro, ta juya.

Ba a daɗe ba ta hau babbar mota zuwa Ngawundare, inda za ta kama jirgin ƙasa. Ranar tafiyarta ta yi mini sallama ta bayan zana. Ina tsaye ina jin ta, na yi kamar ba na nan.

Yanzu na tsufa, ban san ko tana raye ba, ban ma san sunan garinsu ba balle in nemi gafara. Na daɗe ina cewa tsoro ne ya sa ni, amma babu wanda aka taɓa kamawa a unguwarmu saboda bokitin ruwa. 'Yan'uwana masu karatu, in maƙwabcinku ya shiga uku kowa ya guje shi, ku leƙa shi tun yana kusa. Ni na bari sai ƙura ta lafa, kafin nan Madam ta yi nisa.