Yatsun Namadi Wanzami

Namadi wanzami ne a Kalgo, gadon askar ya yi daga ubansa. Daga Diggi har Wurogauri da wuya ka sami yaron da ba shi ya cire masa beli ba. Ƙa'idarsa guda ce: inda ciwo ya yi kuka, nan yake zaune.

A daminar 1954 yatsunsa suka fara sauya kama. Kawunansu suka yi tulu-tulu, farata suka lanƙwashe, gwiwoyi da idon sawu suka kumbura, zazzaɓi yana zuwa yana komawa. Namadi ya ce sanyi ne, ya sa aka yi ta kafa masa ƙaho a gwiwa har wurin tsaga ya ƙare.

Matarsa Tasalla ta ce, "Malam, kunnenka na hagu fa ya toshe, ga haɓon ga da ba ya tsayawa."

Ya ce, "Haɓo ciwon yara ne. Ke dai miƙo man shanu."

Ran da aska ta suɓuce masa ta tsarge kunnen wani dattijo, sai wansa Tambari ya taso daga Gwandu, ya saka shi a mota zuwa asibiti a Sakkwato. Likita ya daɗe yana juya yatsun. Can ya shafa wuyansa ya taɓo wani ƙullutu, ya ɗauko ɗan madubi ya zura masa a baki, yana leƙen sama. Ta bakin tafinta ya ce akwai tsiro a bayan hancinsa, ciwon daji ne, kuma shi ke kumbura yatsu da gwiwoyi daga can inda yake. Ciwon ya riga ya yi nisa.

Namadi ya dubi wansa. "Yaya, hannu nik kawo mai, shi ko hanci yaka biɗa. Tashi mu tai gida."

Tambari ya riƙe shi a Gwandu, Tasalla tana dama masa kunu mai ruwa-ruwa saboda haɗiya ta fara gagara. Namadi ya ga kaka, bai ga shuka ba.

Wurin zaman makoki babu wanda ya yi maganar hanci. Aka haɗu a kan cewa Garba, wani sabon wanzami da ya zo Kalgo, shi ya yi masa sammu. Garba ya yi ta rantsuwa, ba a yarda ba. Daga nan kasuwarsa ta buɗe, don kowa ya ce wanda ya iya karya Namadi ba ƙaramin wanzami ba ne.