Gidan Tsakiya a Bargon Toktobubu

A ƙauyenmu, can gindin duwatsun Narin, idan tsoho ya rasu Toktobubu apa, wato inna Toktobubu, takan riga liman isa gidan. Kafin maza su gama kafa bukkar ulu da za a kwantar da mamacin, sai ka hango ta tafe da sandarta, da farin ɗankwali, da murfin gwangwanin shayi a aljihun rigar sanyinta.

Yayar mahaifina ce. Ina yarinya na bar ta tana ɗinki a bakin taga na tafi karatu ƙasar waje, da na dawo na tarar da ita a bakin tagar nan, sai dai gilashin idonta ya ƙara kauri. Aiki bai samu da wuri ba, ga tsohuwar motar babana a ajiye, sai na zama direbarta. Cikin damina ɗaya na halarci makoki fiye da wanda na halarta a duk rayuwata.

A wurinmu, idan mai tsawon rai ya mutu, iyalinsa sukan yayyaga yadi su raba wa matan da suka zo gaisuwa. Ana ce wa ƙyallen jirtish. Mata kan tara irinsa su harhaɗa bargon kurak, wato na haɗe-haɗen ƙyalle, kowane ƙyalle gida ɗaya, don wanda ya rufa da shi ya shafi shekarun mamatan. Kowace mace a ƙauyen tana yi. In ƙyallen ya yi girma ta rage shi da almakashi, in ya yi ƙanƙanta ta ƙara masa wani tsumma. Ban da Toktobubu. Ita ta yanke wa kanta hukunci tun tana amarya cewa almakashi ba ya taɓa jirtish, domin duk abin da aka datse shekaru aka datse. Na tambayi tsofaffi da dama inda ta samo wannan, babu wanda ya taɓa jin sa a bakin wani in ba ita ba.

Hukuncin ya ba ta wahala shekara da shekaru. Hannun mai kuka ba ya yaga yadi daidai. Wani ƙyallen ya zo kamar tafin hannu, wani kamar hular jariri, wani mai kusurwa biyar. Takan cusa rarar cikin ɗinki, sai bargon ya fito da ƙulu-ƙulu, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. An ce marigayi mijinta ya taɓa cewa kwana a ƙarƙashin bargonta kamar kwana ne a ƙarƙashin buhun dankali. Daga nan ta zauna ta yi nazari, ta gane cewa laifin daga gidan makoki yake tasowa, don haka can ya kamata a gyara shi.

Murfin gwangwanin shi ne ma'auninta. A aza shi a kan yadi, a bar faɗin yatsa ɗaya kowane gefe don ɗinki, a ɗan ɓalle bakin da haƙori, a yaga ana bin zare. In an yi haka, kowane gida zai zauna kusa da ɗan'uwansa kusurwa ta haɗu da kusurwa.

Na ga yadda take yi a makokin tsohuwa Satkin. Ta shiga bukkar ta yi kukan da ya kamata, da murya mai kyau kuwa, ta ambaci kirkin mamaciyar da yawan tumakinta. Tana fitowa ta share ido ta nufi ɗakin baya inda surukan gidan ke zaune da yadi a cinya.

"Kelin, ajiye wannan," ta ce wa babbar surukar, wato matar ɗan mamaciyar; kelin muke ce wa matar ɗa. "Me kike yagawa haka, kunzugun yara?"

"Apa, hankalina ba ya jikina."

"Naki ya tafi, nawa yana nan. An wanke yadin?"

"Wanke kuma? Jiya da yamma ta cika."

"Shekararta biyu a kwance, ba ku ga alama ba? Yadin da ba a wanke ba, ranar da ya ga ruwa zai tsuke ya ja maƙwabcinsa. Haka kuke so a tuna da uwarku, tana jan mutane?"

Surukar ta miƙa mata yadin.

Yawancin ƙauyen dai ya daɗe da sabawa. Mutane suka fara sayen yadi mai kauri tun tsohonsu na tari, su wanke su shanya a bayan gida inda ba zai gani ba. Wata shekara wani ɗan kasuwa da ya yi arziki a birni ya raba tawul masu hoton furanni a makokin ubansa. Toktobubu ta karɓa ta yi godiya, ta kawo gida ta ɗaure wa ɗan maraƙi a wuya. Har yau in ana maganar gidan sai a ce, "Mutanen kirki ne, amma ka san zancen tawul."

A shekarar da na dawo ne aka sa bikin jikarta Aizirek, bayan an sauko da dabbobi daga tsauni. Bargon da za a aza a saman kayan ɗakinta Toktobubu ta daɗe tana haɗa shi, tun yarinyar na rarrafe. Kowane gida na wani tsoho ne da ta san sunansa. Uwar angon kuwa, Ajarkan, daga kwarin da ke bayan namu take, ita ma maɗinkiya ce da ake ji da ita, kuma an san halinta: a gidan biki takan juya bargon amarya ta duba bayansa a gaban mutane. Shekarun baya ta taɓa cewa matan ƙauyenmu da ido suke awo, kuma idon nasu ɗaya ne. Maganar ta iso kunnen Toktobubu, ba ta kuma fita ba.

Bargon ya kammala sai gida ɗaya, na tsakiya. Ta bar shi fili da gangan. Wurin Osmonkul ata ne, wato baba Osmonkul, wanda ya fi kowa tsufa a kwarin gaba ɗaya, ya doshi ɗari, abokin marigayi mijinta. Tun sanyin bara yake kwance, kowa ya ce ba zai ga bazara ba. Ya ga bazara. Aka ce to ba zai ga yankan ciyawa ba. Toktobubu ta riga ta kai surukarsa kasuwa ta zaɓar mata jan karammiski, an wanke, an ninke, an ɓoye a ƙarƙashin buhunan gari.

Da biki ya matso ta ce in riƙa kai ta gaishe shi. Ba a zuwa gaida mara lafiya hannu biyu, don haka kullum takan tafi da romon rago da ta dafa da kanta, mai kitse da albasa. Ta zauna a gefensa ta ba shi a baki, tana kallon fuskarsa da natsuwa.

"Ata, yaya jikin?"

"Da sauƙi, Toktobubu."

"Da sauƙi ƙwarai, ko da sauƙi dai?"

"Ƙwarai. Ƙara min romon."

A mota sai ta ce, "Kin lura da hancinsa? Ya ɗan yi tsini, alamar tafiya ta kusa."

"Ni dai na ga kumatunsa sun ciko, apa."

"Kumburi ne. Ke da kika yi karatu ba ki san kumburi ba?"

Surukar gidan, wadda ta gaji da jinya, ashe ruwan shayi da gutsuren burodi kawai take ba shi. Da romo ya fara shiga, tsoho ya fara zama da kansa. Bayan mako biyu ya nemi takalmansa. Wata rana muka isa muka tarar da shi a waje yana shan hantsi, yana yi wa jikokinsa faɗa a kan yadda suka ɗaure doki. A cinyarsa kuwa ga jan karammiskin nan. Ya gano shi ne yana neman inda aka ɓoye masa taba.

"Zo nan, matar abokina," ya ce. "Wannan nawa ne?"

"Na gidanku ne dai."

"Ja kika zaɓar min? Ni yarinya ce?"

"Tsakiya ce, ata. Kewaye da kai duk baƙi ne da shuɗi. Satkin na damanka, Malam Jumabai na hagunka."

"Jumabai? Mutumin da ya cinye min gona? Ko a bargo ba na kwana kusa da shi." Ya shafa yadin da tafin hannu. "Yaushe ne bikin?"

Ta faɗa masa.

"Kai, ya yi kusa. Ba zan samu dama ba. Ina da tunkiya da za ta haihu."

"Ba wanda ya ce ka yi sauri."

"Ba ki ce ba, amma kullum kina leƙa min hanci. Ga shawara. Kawo murfin naki, ki yaga rabonki yanzu, na yafe. In lokacin ya zo sai a ce Toktobubu ta riga ta karɓa."

Na zaci za ta yi murna. Sai ta ɓata rai.

"Ƙyallen mai rai? Wa ya san adadin shekarunka tun ba ka gama su ba? In sa wa yarinya abin da ba a rufe lissafinsa ba?"

"To sai ki jira."

"Ina jira."

"Gobe ki sa tafarnuwa a romon."

Ba ta koma da romo ba, amma aikin gama ya gama. A makon da ya biyo aka ga Osmonkul a kan doki yana zagaya gonarsa.

Sai ta shiga neman wani tsohon. Muka zaga ƙauyuka uku tana tambayar lafiyar mutane da wata irin kulawa da ta sa wasu suka fara rufe ƙofa in sun hango motarmu. Shekarar ta yi albarka, ciyawa ta yi kyau, tsofaffi duk sun yi ƙiba. Mutum ɗaya ya rasu a wani ƙauye, muka yi sammako muka je, ashe bai cika saba'in ba, kuma ɗankwali aka raba. Uwar amarya ta ce a sa kowane jan ƙyalle mana, wa zai sani. Toktobubu ta dube ta har sai da matar ta tashi ta tafi duba tukunya.

Ana saura kwana kaɗan biki na shiga ɗakinta da hantsi na tarar ta sauke barguna daga kan babban akwatinta, ta buɗe shi. Daga can ƙasa ta fito da yadi ninke cikin farin zane, kore mai duhu, mai nauyi. Nata ne, wanda ta tanada don ranar da za a raba a kanta. Ba shakka an wanke shi tuntuni.

"Apa, ke ma ai mai rai ce," na ce.

"Na sani."

"Kin ce ba a rufe lissafin mai rai ba."

"Na Osmonkul na ce. Wannan mutumin ba shi da niyya. Ni kuwa na haura tamanin, abin da ya rage ƙari ne kawai. Riƙe min nan."

Na riƙe. Ta aza murfin, ta auna yatsa, ta ɓalle bakin yadin da haƙoran da suka rage mata, ta ja. Ya fito daidai. Ta ɗaga shi a hasken taga tana dubawa, sai ta juyo ta kalli sauran yadin, na ga wani tunani ya zo mata.

"Ranar tawa wa zai yaga wannan?"

"Surukanki mana."

"Waɗancan?" Ta gyara zama. "Miƙo murfin."

Har azahar muna yagawa. Ta jera ƙyallayen ɗaya bisa ɗaya, ta ɗaure da zare, ta mayar akwati. Ta ce yanzu in ta mutu abin da ya rage musu kuka ne kawai, shi ma ba ta sa rai za su yi shi da kyau ba.

Ranar da dangin ango suka zo ganin kaya, ɗakin ya cika da mata. Aka sha shayi, aka ci soyayyen burodi da man shanu, sannan Ajarkan ta goge hannu ta ce a sauko mata da bargon saman. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta juya bayansa, ta bi ɗinkin da farce. Ta haɗa gefe da gefe, suka zo daidai. Ta mayar da shi fuska, ta fara tambayar masu gidajen kamar yadda aka saba.

"Wannan shuɗin fa?"

"Satkin. Casa'in da biyu."

"Allah ya jiƙanta. Wannan?"

"Jumabai."

"Allah ya jiƙansa. Wannan?"

Haka suka bi layi bayan layi, Toktobubu na kiran suna, Ajarkan na addu'a, matan ɗakin na amsawa da amin, har abin ya zama kamar waƙa. Yatsan Ajarkan ya iso tsakiya.

"Wannan koren fa? Yadi mai kyau."

"Nawa ne."

"Allah ya jiƙanki," in ji Ajarkan, matan suka ce amin, kafin kowa ya ji abin da ya faɗa.

Ajarkan ta kai hannu baki. Amarya ta sunkuyar da kai tana rawar kafaɗa, ban san ko kuka take ko dariya ba.

Toktobubu ta shafa addu'ar a fuska da hannu biyu.

"Amin, na gode," ta ce. "Amma ba ki duba kusurwoyinsa ba. Duba."

Ajarkan ta sunkuya ta duba, ɗaya bayan ɗaya, duka huɗun. Ta daɗe a kan ta ƙarshe. Sannan ta ninke bargon da kanta, ta miƙe ta mayar da shi saman kayan, ta ce a ƙara mata shayi.